Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗura Ta Ƙasa

Ranka ya daɗe Malam Shehu Mohammed, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo. A yi mini afuwa ban ja gaisuwa ba.

Ni malamin firamare ne a Jigawa, kuma ba sai na gaya maka abin da sunan Majiya yake tuna mana ba. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a garin, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Da yawansu kabari ɗaya aka yi musu. Manya suka zo jaje, aka yi hotuna, aka watse. Wata uku da kwana uku kacal bayan nan, ranar 18 ga Janairu 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, mutum sama da 80 suka ƙone.

Tambayata ɗaya ce. A tsakanin Majiya da Dikko, ƙauyuka nawa na bakin titi aka shiga, aka zauna a ƙofar gidan dagaci, aka yi wa mutane bayanin yadda fetur yake kama wuta?

Ka san mutane da dama sun ɗauka sai ashana ta taɓa ruwan man sannan ya kama. Ba su san tururinsa ya fi iska nauyi ba, yana bin ƙasa, yana kwanciya a kwata da rami, yana kaiwa inda ruwan bai kai ba. Tayar da babur a kusa ya isa. Janareta ya isa. Guntun sigari, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta ya yi tartsatsi, duk sun isa. Wannan bayani bai kai minti biyar ba da Hausa. Na gwada shi a aji shida, yara suka yi tsit, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ko ban ɗiba ba, tsayawa kallo ma mutuwa ne?" Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya gane a zama ɗaya. Uban da ya haife shi fa, wa ya taɓa zaunar da shi?

Na san za a ce talauci ne. Gaskiya ne, lita ta haura naira dubu a lokacin, kuma wanda ya kwana da yunwa ya ga mai yana malala a banza, zuciya za ta raya masa abubuwa. Amma mai yunwa ba mahaukaci ba ne. Da ya san tururin da yake shaƙa ne zai cinye shi da 'ya'yansa, da yawa za su ja da baya.

Ba alfarma nake roƙo ba, ranka ya daɗe. Dokar hukumarka ta 2007 ta sa ilmantar da direbobi da sauran jama'a kan amfani da titi cikin ayyukanku, kamar yadda ta sa kamu da cin tara. Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a rage mace-macen titi da rabi kafin 2030. To da me za a rage? Da gangamin ƙarshen shekara, inda ake ɗinka riguna da huluna, a ɗaga kyalle mai rubutun Turanci, a zaga gari da jiniya, a koma ofis? Madalla. Tsohuwar da za ta tsallaka titi da tallan gyaɗa ta karanta kyallen, ta ƙaru ƙwarai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun riga mun san hanyar da take aiki. Lokacin da allurar shan-inna ta gamu da turjiya a Arewa, da me aka shawo kan jama'a? Da sarakuna, da hakimai, da dagatai da masu unguwanni, da limamai a kan mumbari, da mata masu bi gida-gida, da sanƙira mai shela ranar kasuwa. Aka yi shekaru ana yi ba gajiya, har a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar shan-inna ta kau daga Nijeriya. Mutanen nan suna nan ba inda suka je. Titi kuwa kullum yana ci, babba da yaro.

Don Allah, don Annabi, ka neme su. Ka sa a rubuta bayani gajere da Hausa, har da ajami, a kai wa limaman Juma'a na garuruwan da ke kan manyan hanyoyi, daga Kano zuwa Haɗeja, daga Zariya zuwa Funtuwa. A kai wa alarammomi, don almajiri ya fi kowa yawo a bakin kwalta, kuma ƙungiyar kiyaye haɗura ta makarantar boko ba ta san da zamansa ba. A kai Islamiyyun matan aure, su ne masu aiken yara. A shiga tasha a zauna da shugabannin direbobi da 'yan kamasho, a yi ta duk wata, ba sai Disamba ba.

Na ji an hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi tun Maris 2025. An kyauta, sai dai mai lita 45,000 ma idan ta faɗi wutarta ba ta tambayar awo. Akwai maganar hular kwano, da masu hawa saman tirela tare da shanu, da gadojin masu tafiya a ƙasa da aka bar wa awaki, amma waɗannan sai wani jiƙon. Ko lambarku ta gaggawa, 122, na tambayi malamai 'yan'uwana a ɗakin hutu, mutum biyu ne suka santa.

Idan ka tashi farawa, ka fara da Majiya. Ka turo ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa sosai, ranar kasuwa, ba sai da jiniya ba. Tabarma da masu saurare, mu za mu kawo.

Wassalam.
Naka, wani malamin firamare daga Jigawa.