Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Kula da Kwaɗi da Wuraren Dausayi

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kwamiti ya karkatar da yawancin aikinsa na bana ga tambaya guda: me ya sa cutar da kwaɗo mai ƙoshin lafiya kan iya jure mata take hallaka wanda muhallinsa ya lalace? Dalilin damuwar a fili yake, domin ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna cewa kusan kashi 41 cikin ɗari na nau'o'in kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa.

A zaman karatunmu mun daɗe a kan cutar kitrid, wadda fangas, wato wata ƙwayar cuta dangin fumfuna, ke haddasa ta, aka kuma gano ta a 1998. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita kuma yake daidaita gishirin jikinsa, saboda haka idan fangas ya kama fatar ta yi kauri, sai gishirin jini ya ragu har zuciya ta tsaya. Wani bincike na 2019 ya danganta cutar da raguwar nau'o'i 501, daga ciki ana kyautata zaton 90 sun ƙare.

Misalin da ya fi jan hankalin mambobi shi ne na ɗan ƙaramin kwaɗon Kihansi a Tanzaniya, wanda rayuwarsa ta dogara kacokan ga feshin da ruwa ke yi idan ya faɗo daga kan dutse. Da madatsar ruwan da aka gina a kan kogin wurin ta fara aiki a 2000, ruwan ya ragu ƙwarai, ciyayin wurin suka soma bushewa, aka girka bututun yayyafi don a ceci lamarin. A 2003 kwaɗin suka yi ta mutuwa, aka kuma sami kitrid a jikinsu. A 2009 aka ayyana cewa babu sauransu a daji, sai waɗanda aka kai gidajen namun daji a Amurka, kuma daga zuriyarsu aka fara sakin wasu a mazauninsu na asali a 2012. A ganin kwamiti, wanda ya ɗora laifin a kan fangas kaɗai bai faɗi rabin labarin ba, tunda ƙunci mai tsawo yana raunana garkuwar jikin dabba.

Wannan fahimta ce ta tsara fitarmu ta damina. Mun zagaya fadamu da kududdufai bayan magariba, lokacin da kukan kwaɗi ke cika wuri, muna rubuta inda ake jin su da inda ba a ji. A bakin wani kududdufi mun tarar da fankon robobin maganin kashe ciyawa, ga kuma alamar inda aka wanke tankin feshi a cikin ruwan, don haka muka zauna da manoman yankin a kan su riƙa wanke kayansu nesa da ruwa. Sun saurare mu da mutunci, ko da yake wasu sun yi dariyar a ce kwaɗo ma yana da masu kare shi.

Mun kuma wajabta wanke takalma da raga kafin a tashi daga wani ruwa zuwa wani don kada a yaɗa fangas ɗin, kasancewar an riga an ga raguwar kwaɗi a tsaunukan Oku da Manengouba na Kamaru, kuma fangas ɗin ya fi bunƙasa a wurare masu sanyi da laima.

Kuɗin shiga bai kai yadda aka yi tsammani ba, shi ya sa aka ɗage ziyarar tsaunin Mambila zuwa baɗi. Ana roƙon waɗanda ake bi kuɗin shekara su biya a hannun ma'aji kafin babban taro.

Sakataren kwamiti