Wasiƙa Daga Ɗakin Takaba

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Jos alhamdu lillahi, sai sanyin hunturu da ya kankama, da asuba ruwan alwala kamar zai tsinke wa mutum yatsu. 'Yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun bayan sadakar arba'in. Kujerar mahaifinku tana nan a zaure, har yau ban bari an gusa da ita ba.

Takarda na ɗauka saboda a waya kana tare ni da "to Mama, to Mama" har maganar ta bi ruwa. Ba don takaba ba, da tuni ka gan ni a Abuja da ƙafata.

Baffanka ya zo shekaranjiya bayan la'asar. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Wai akwai 'yan kwangila masu gina benaye wajen Lugbe da Kubwa da ke kawo maka zanen gini har gida, ka buga hatiminka, ka sa hannu, su ajiye ambulan su tafi, alhali ƙafarka ba ta taɓa taka wurin ba. Na ce masa sharrin mutane ne. Amma da ya fita sai motar da ka zo da ita ranar jana'iza ta faɗo mini a rai, na tuna albashinka, kuma tun daren nan barci ya ƙaurace mini.

Ka san ɗan wane ne kai. Kakanka a ramin kuza na Bukuru ya ƙarar da ƙarfinsa, kwanon ƙasa a ka tun safe har yamma, don ɗansa ya je jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mahaifinku ya kama aiki a 1976, shekarar da Murtala ya raba Binuwai da Filato, ya ajiye a 2011. Shekara 35 yana bin gadoji da kwalbatoci a hanyoyin Mangu da Pankshin da Shendam, ya dawo gida jajir da ƙura sai idanu. A duk shekarun nan ban taɓa jin ya sa hannu a kan aikin da bai tsaya a kansa ba. Ai ka sha binsa lokacin hutu. Ka ga yadda yake zaro makullin mota ya karci bulo, in ya ga yana zuba kamar gari ya ce a kwashe duka. Ka ga yana tsayawa kan leburori yana ƙirga: buhun siminti ɗaya, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Yana tsugunawa da tef ɗinsa ya auna rodi, domin a takarda a rubuta mai kaurin milimita 16, a ƙasa a shimfiɗa mai 12, kuma da zarar an zuba kankare a kai magana ta ƙare, sai Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Kai da kanka ka haddace cewa kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, tun kana firamare kake faɗa wa ƙannenka kana taƙama.

Na san abin da za ka ce, domin ka riga ka faɗa. Ranar da aka zauna maganar gado, ta taga na ji ka kana cewa Baba bai bar komai ba sai suna. Haba Babana! A gaban baffanninka? Mutumin da ranar Juma'ar nan ta 7 ga Satumba 2001, da rikicin Jos ya ɓarke, ya yar da motarsa a hanyar Bukuru, ya tako da ƙafa cikin hayaƙi da harbi har gidan gwaggonka don ya ɗauko ka? Wanda ya sayar da filinsa ɗaya tilo don ka gama karatu, bai taɓa faɗa maka ba? Wannan sunan da ka raina, shi ne a jikin hatimin da kake bugawa. In bene ya rufta, ba za a ce wani yaro a Abuja ba. Ɗan Injiniya za a ce, kuma shi yana kabari ba ya da bakin kare kansa.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Kana da wayo ranar da ya mayar da ragon layya da buhunan shinkafa da aka kawo masa na toshiyar baki, na yi ta faɗa har maƙwabta suka jiyo, na kwana biyu ban yi masa magana ba. Amma ka duba halin da nake ciki. Kasuwar kuza ta faɗi a 1985, dangi daga Bukuru suka cika mana gida, shekara ta zagayo tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo ya cinye darajar albashi. Ku shida, ga kuɗin makaranta, ni ce mai sanin abin da ya rage a tukunya. Bayan ya yi ritaya kuma na gan shi yana bin layin tantance 'yan fansho da fayil a hammata, wata da watanni ba ko sisi, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suna wuce shi a manyan motoci. Zuciya ce, na yi ƙorafi. In a bakina ka koyi raina talaucinsa, to ka yafe mini, ka kuma sani tun yana da rai na gane shi ne mai gaskiya, na faɗa masa.

Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ya faru a unguwar Busa Buji nan Jos. Ranar 12 ga Yuli 2024, da benen makarantar nan ya rufta kan yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Mahaifinku lokacin ciwon ƙafa ya riga ya kama shi, amma ya sa ƙaninka ya kai shi. Da ya dawo bai ci abinci ba. Ya zauna bakin gado riƙe da guntun kankare da ya tsinto, yana murza shi yana marmashewa a tafin hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, ko rasuwar mahaifiyarsa ban ga ya yi irin kukan ba. Abin da kawai ya ce shi ne akwai wanda ya ga ginin nan yana tashi ya yi shiru. Yanzu in na rufe ido iyayen nan nake gani suna tonon ƙasa da hannu suna kiran sunayen 'ya'yansu, sai in ga takarda, in ga sa hannunka a ƙasa. Haƙƙin rai fa, Babana. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniyoyi tana iya karɓe rajistarka, wannan mai sauƙi ne. Me za ka ce wa Ubangiji? Ni kuma da wane ido zan dubi uwar yaron?

In maganar ƙarya ce, ka kira ni ka ce ƙarya ce, zan yarda da kai, domin ban taɓa kama ka da ƙarya ba tun kana ƙarami. In kuwa akwai ƙamshin gaskiya, to gobe-goben nan ka je wuraren da ƙafarka, ka duba ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yi ba ka janye hannunka a rubuce, ka mayar musu da kuɗinsu ko da motar za a sayar. Kada ka ji kunyar dawowa gida a motar haya. Kuma ka daina aiko mini da kuɗi sai mun yi wannan magana, abin da nake samu yana isa ta.

Na san Abuja da tsada, na san kuɗin haya kaɗai ya isa ya firgita mutum, kuma duk cikin 'ya'yana kai ne mai ɗaukar nauyin kowa ba a roƙe ka ba. Wannan halin nasa ne ka ɗauko. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da cin haram.

Ƙaninka zai taho ranar Asabar. Na ba shi tef ɗin awon mahaifinku da ƙaramin littafinsa mai baƙin bango, ka karanta shafukan ƙarshe, akwai sunanka. Akwai kuma dankalin Turawa da kabeji na matarka, da rigar sanyin da na saƙa wa takwarata. Saura wata biyu da 'yan kwanaki in fita takaba. Ina so ka zo kafin nan mu yi magana ido da ido, ka kuma ziyarci kabarinsa, an sa masa alama.

Mahaifiyarka,
Jos