Sanarwar tafiya Famukkale

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tafiyarmu ta Asabar zuwa Famukkale, wurin farin dutse mai ruwan ɗumi a ƙasar Turkiyya, tana nan. Mota za ta tashi daga Denizli ƙarfe 7 na safe, mai rakiya zai same mu a ƙofar Hirafolis, kangon tsohon birnin da ke wurin.

Za mu fara da kangon cocin Filibus, ɗaya daga almajiran Yesu, coci mai kusurwa 8 na ƙarni na 5, sai kabarin da aka tono kusa da shi a 2011, wanda masu bincike ke cewa nasa ne. Hawa ne sosai, a riƙo ruwa.

Daga nan sai farin dutsen, inda ruwan ɗumi ke kwarara. Dole a cire takalmi, kuma akwai santsi. Mai son wanka ya zo da kayansa, kuɗin shiga tafkin daban ne.

Don Allah a rubuto suna kafin Alhamis.