Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin tafiyarsa Peru

Unguwar Rimi, Kaduna

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Yayarka ce ta kawo mini labari ranar Juma'a cewa watan gobe za ku tafi hamadar Pisco a ƙasar Peru haƙar ƙasusuwa, kuma wai tun kafin tafiyar ka soma shirin raɗa wa wani ƙashin kunnen tsohon kifin wel guda ɗaya tak sabon suna, kana cewa jinsi ne da ba a taɓa gani ba. Tafiyar ba ta dame ni ba, Allah ya kai ku lafiya. Maganar sunan nan ce ta hana ni barci.

Tun ranar da ka zaɓi nazarin waɗannan kifayen wel masu rariya a baki maimakon haƙora, waɗanda ma ba kifaye ba ne tunda shayar da 'ya'yansu suke yi, babu takardar da ka aiko mini da ban karanta ba, da tabarau a hanci da ƙamus a gefe. Saboda haka kada ka ce tsohon malamin sakandare bai san abin da yake faɗa ba. Wani masani mai suna Brandt ya raɗa wa wani tsohon wel sunan Cetotherium a 1843 bisa ƙasusuwan da aka samo a yankin Taman, gefen Bahar Aswad, sannan a 1872 ya kafa dangin Cetotheriidae. Daga nan fiye da shekara ɗari, duk wani tsohon wel mai rariya da aka tono aka rasa inda za a ajiye shi, sai a jefa shi cikin wannan dangi, har masana da kansu suka riƙa kiransa kwandon shara. Ka fi ni sanin aikin van Beneden a Antwerp ta Beljiyam, wanda ya yi ta raba sunaye bisa tarkacen ƙasusuwa, daga baya aka gano cewa wasu ma ba na dabba ɗaya ba ne. Mutum ne mai ilmi, amma ya bar wa na baya aikin shara.

Me ya gyara lamarin? A 2006 masana biyu, Bouetel da de Muizon, sun zauna da ƙasusuwan tsohon wel Piscobalaena nana, na wannan hamadar da za ka je, ƙoƙon kai da muƙamuƙi da sauran jiki, suka bi su dalla-dalla, sannan suka taƙaita dangin ga 'yan jinsunan da suka haɗa kamanni na haƙiƙa. Ko Fordyce da Marx, da suka fito a ƙarshen 2012 suka ce dangin bai ƙare ba, ƙaramin wel Caperea marginata da ke yawo a tekunan kudu shi ne ragowarsa, dabba sukutum suke da ita a gabansu, amma duk da haka ba kowane masani ne ya yarda da su ba. To kai da ƙashi ɗaya wanda bai cika tafin hannu ba, ina za ka tsaya idan aka taso maka?

Na san halinka. Tun kana firamare kai ne mai miƙa takardar jarrabawa kafin kowa, ka dawo gida kana cizon yatsa. Ka kuma san abin da gaggawa ta jawo mana a shekarar da muka bar Tudun Wada, ba sai na tuna maka ba. Ka daɗe kana ganin na tsananta maka fiye da ƙannenka, kuma ban musa ba, amma na yi ne domin halina na gani a jikinka, kuma sauri ya haifi nawa a rayuwata ba sau ɗaya ba.

Duk sanda na wuce Lugard Hall sai na tuna Pappocetus lugardi, tsohon wel mai haƙora da aka samo a kudancin ƙasar nan, wanda Andrews ya raɗa wa suna fiye da shekara ɗari da suka wuce. Har yau sunan Andrews yana manne da shi a kowace takarda. Haka naka zai manne, kuma sunan da kake sa hannu da shi na kakanka ne. Ba na so wani ɗalibi ya zo bayan shekara hamsin ya rubuta cewa ɗan Kaduna ya ɗauki kunnen ɗan ƙaramin dabba ya ce sabon jinsi ne, alhali girma ne bai gama ba. Wallahi wannan tunanin ya fi tsorata ni a kan nisan da ka yi.

Ban ce ka yi kuskure ba, ɗana, mai yiwuwa idonka ya ga gaskiya, kuma babu wanda zai kai ni murna. Ka je Pisco ka nemi ƙoƙon kai, ka gwada ƙashinka da na Herpetocetus da sauran 'yan dangin, ka miƙa shi ga malamin da ka san ba ya jin kunyar ƙaryata ka. Mahaifiyarka ta ce ka riƙa rufe kanka saboda rana, kuma ta ba yayarka yaji ta aiko maka. Ni kuwa ka turo mini hoton ƙashin ta gaba da ta baya, da ma'auni a gefensa, ina so in gani da idona.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka