Masu gidajen burodi, a daina ɗaukar aiki da baki

Edita,

Assalamu alaikum. A taimaka mini da ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu gidajen burodi da masu ruwan leda a nan Kaduna, don ni ma da sana'ar burodi nake ci da iyalina.

Mun saba ɗaukar yaro aiki da baki. "Gobe ka sammako," shi ke nan an gama. In ka ce a rubuta, sai a ce ai ɗan unguwa ne, akwai amana. Alhali Dokar Ƙwadago ta ce kafin ya wuce wata 3 sai an ba shi takarda mai ɗauke da irin aikinsa, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Wanda ya shekara 5 a wurinka yana da haƙƙin sanarwar wata guda, ko kuɗin watan, ba a ce masa "ajiye makulli" da rana tsaka ba. Masu ganin rubutu rashin yarda ne, su tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take.

Abin da ya fi damuna shi ne injin murza ƙullu. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san yaron da injin ya cinye wa yatsu. Maigida ya biya kuɗin ɗinki, ya ce ƙaddara ce, bayan wata biyu an sa wani a gurbinsa. Ƙaddara ce, gaskiya, amma dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, daga aljihunsa, ba daga na yara ba. Daga nan ake biyan diyyar wanda ya ji rauni. Mai biyan albashin naira miliyan 1 a wata, naira 10,000 ce kawai, ko buhun fulawa ba ta saya.

Fansho kuwa, mai ma'aikata 15 zuwa sama zai sa kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin kashi 8. A cire a riƙe, cin amana ne tsagwaronsa. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri sun san zafin jiran haƙƙi.

Ga jami'an Ma'aikatar Ƙwadago: yawancinmu ba taurin kai ba ne, ba a taɓa karanta mana dokar da Hausa ba. Ku zo taron ƙungiyarmu a Tudun Wada ko Rigasa, ku taho da fom.

Wani mai gidan burodi,
Tudun Wada, Kaduna