Burito Ba Shawarmar Amurka Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan bayanin da ya fito a shafin girke-girke, inda marubuciyar ta kira burito da sunan shawarmar Amurka, ta kuma ce wani mai talla a kan jaki ne ya ƙirƙiro shi. Girkin da ta koyar ba shi da laifi, amma tarihin da ta jingina masa yana buƙatar gyara, musamman yanzu da wasu gidajen abinci na zamani a nan Kano suka fara jera shi kusa da shawarma.

Asalin burito arewacin ƙasar Meksiko ne, wajen jihohin Sonora da Chihuahua, kuma alkama ce ta haife shi. Mutanen ƙasar na asali masara suka sani. Sukan dafa ta a ruwan farar ƙasa ko toka, su niƙa, su gasa ƙullin ya zama wani faifai da ake kira tortiya. Alkama ba ta shiga ƙasar ba sai da zuwan Sifaniyawa, waɗanda suka ci daular Aztek a 1521, kuma ta samu gindin zama a arewa, ƙasar fari da kiwon shanu, inda ake noma a bakin koguna. Wani ɗan mishan mai suna Eusebio Kino, wanda ya isa Sonora a 1687, yana cikin waɗanda suka yaɗa nomanta a can.

Duk macen da ta taɓa kwaɓa fulawar gurasa ta san abin da zan faɗa. Ƙullin alkama yana da danƙo, ana iya murza shi ya yi faɗin faranti babba, ya yi siriri har ana hango hannu ta cikinsa, a ɗora shi a kan tanda mai zafi ya ɗan kumbura, sannan a zuba wake ko nama a tsakiya, a lanƙwasa gefe a naɗe, bai tsage ba kuma romo bai zubo ba. Na masara kuwa, da ya yi faɗi aka matsa masa sai ya dare. Wannan danƙo ne ya mayar da burito guzurin makiyaya da 'yan ƙwadagon gona, domin mutum zai ci shi a tsaye, ba kwano ba cokali.

Labarin mai jaki kuwa yana da daɗin ji, shi ya sa ya ƙi mutuwa. Ana cewa wani Juan Méndez ne yake tallar abinci a kan jakinsa a garin Ciudad Juárez a zamanin juyin juya halin Meksiko da ya ɓarke a 1910, kuma tunda sunan abincin da Sifaniyanci yana nufin ɗan jaki, sai aka ɗinke zancen. Sai dai ƙamus ɗin kalmomin Meksiko na Ramos y Duarte, wanda aka buga a 1895, ya riga ya kawo burito a matsayin tortiya da aka naɗe da nama, har ya danganta shi da jihar Guanajuato. Abin da ya shiga ƙamus shekara 15 kafin yaƙin ba zai zama ƙirƙirar mai tallan lokacin yaƙin ba.

Rabon Amurka a wannan tarihi shi ne ƙara masa jiki. Kalifoniya ƙasar Meksiko ce har 1848, sannan tsakanin 1942 da 1964 shirin Bracero ya kwashi 'yan ƙwadagon Meksiko zuwa gonakin Amurka, suka tafi da abincinsu. A shekarun 1960 ne shagunan unguwar Mission da ke birnin San Faransisko na Kalifoniya suka fara cusa masa shinkafa da wake da nama da cuku gaba ɗaya, su naɗe shi a takardar gwangwani, kuma wannan ƙaton ne kamfanin gidajen abinci na Chipotle, da aka kafa a birnin Denver na Amurka a 1993, ya yaɗa. A Juárez har gobe siriri ake yin sa, da haɗi ɗaya ko biyu.

Idan dangin shawarma ake nema a Meksiko, to akwai shi, amma ba burito ba ne. Tacos al pastor ne, wanda ya samo asali daga gashin nama irin na 'yan Labanan da suka yi hijira can, sai dai da naman alade ake yin sa. Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a bayanin: a girkin gargajiya, da kitsen alade ake yawan kwaɓa tortiyar fulawa, da shi ake soya waken. Ya kamata a sanar da ɗalibanmu da matafiyanmu su riƙa tambaya kafin su saya, ko da naman ciki na kaza ne. Mai girkawa a gida kuwa, man gyaɗa ko man shanu ya wadatar da ita.

Ina fatan za a buga wannan gyara a shafin da bayanin ya fito. Na gode.

Wassalam,
Mai karatunku,
Fagge, Kano