Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambayar reshen da za ta ɗauka a digiri na biyu na hulɗar ƙasa da ƙasa

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun ga tambayar da kika yi mana a bainar jama'a, kuma tunda ba ke kaɗai abin ya dama ba, a nan za mu amsa. Kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, takardar rajista kuma ta jera miki rassa biyar: tsaro, tattalin arzikin duniya, raya ƙasa, dokokin ƙasa da ƙasa da haƙƙin ɗan'adam, sai muhalli da makamashi. An ce miki tsaro ne ke tashe, shi ne kike tambaya ko shi za ki ɗauka.

Kafin ki cika takardar, ki nemo tallan guraben aiki guda ashirin daga wuraren da kike fatan shiga bayan kammalawa, waɗanda 'yar ƙasarku ke da damar nema. Ki tsallake bayanin farko mai zaƙin baki, ki gangara inda aka jera sharuɗɗa, ki ja layi a ƙarƙashin kowane abu da aka ambata da suna: harshe kaza, manhajar ƙididdiga kaza, shekarun aiki kaza. Abin da ya maimaitu sau goma cikin ashirin, shi za ki je ki koya. Za ki kuma lura yawancin tallan cewa suke a zo da digiri na biyu a hulɗar ƙasa da ƙasa, ko kimiyyar siyasa, ko tattalin arziki, ko makamancinsu. Sunan reshe ba ya ma cikin sharaɗin. Abin da mai ɗaukar aiki zai duba shi ne kwasa-kwasan da ke takardar sakamakonki da abin da hannunki ya iya.

Tsaro reshe ne mai daɗin karatu. Za ki karanta dabarun yaƙi, da ta'addanci, da yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968, da bambancin babi na 6 da na 7 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wato sasanta rikici cikin lumana da kuma ikon Kwamitin Sulhu na ƙaƙaba takunkumi ko amfani da ƙarfi. Inda gizo ke saƙar shi ne aikin. Guraben da suka fi yawa suna ma'aikatun tsaro da hukumomin leƙen asiri, su kuwa ɗan ƙasa suke ɗauka, bayan sun yi masa binciken ƙwaƙwaf. Baƙuwar ɗaliba da ta karanta tsaro a Amurka ko Ingila za ta tarar da waɗannan ƙofofin a kulle, komai kyan sakamakonta. Abin da ya rage mata shi ne cibiyoyin nazari, da ɓangaren farar hula na rundunonin wanzar da zaman lafiya, da kamfanonin da ke auna haɗarin zuba jari, kuma duk suna fifita wanda ya ji harshen yankin da ake rikicin ko ya taɓa aiki a can. Idan ke ma'aikaciyar gwamnati ce da za ki koma kujerarki a ɓangaren tsaro, ɗauki abinki. Idan ba haka ba, tashen da ake faɗa bai isa dalili ba.

Tattalin arziki shi ne reshen da ɗalibai ke gudu, kuma shi ya fi barin mutum da sana'a a hannu. Sai dai akwai abu biyu masu suna kusan ɗaya. Na farko siyasar tattalin arzikin duniya ce: karatu da muhawara kan yadda aka kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni a taron 1944, da yadda Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta fara aiki a 1995. Na biyu lissafi ne tsagwaronsa: harajin kayan shigowa, canjin kuɗi, bashin ƙasa, ƙididdiga da manhajar Stata ko R. Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce. Ki karɓi jadawalin kwas ɗin, idan babu aikin gida na lissafi kowane mako, na farkon ne. Na biyun yana buƙatar ki zo da tushen tattalin arziki da ƙididdiga, kuma wanda ya shiga babu su yakan ƙare zangon farko yana bin aji a guje. Kada kuma a ruɗe ki: kujerar masanin tattalin arziki a Asusun Ba da Lamuni galibi ta masu digirin digirgir ce. Da digiri na biyu, aikin mai nazari ko mataimakiyar bincike za ki nema, ko ma'aikatar ciniki, ko banki.

Raya ƙasa yana da guraben aiki da dama, amma shi ne reshen da ya fi yaye masu jawabi babu sana'a. Haddace muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da aka amince da su a 2015 ba ya sa a ɗauki kowa. Abin da ake biya dominsa shi ne tsara shiri, da kasafinsa, da sa ido da auna sakamako. A ce wata ƙungiya ta gina azuzuwa a garuruwa talatin, yaran da ke zuwa makaranta suka ƙaru. Mai ba da kuɗi zai tambaya: azuzuwan ne suka jawo, ko ko'ina ma an samu ƙarin a shekarar? Wadda ta san a nemo garuruwa makamantansu da ba a yi wa gini ba, a kwatanta adadin kafin shirin da bayansa a ɓangarorin biyu, ita ce ke samun aikin. Idan reshen ba shi da kwas ɗin da ke koyar da wannan, ki aro shi daga wani sashe.

Reshen doka ba ya mayar da ke lauya. Yana da amfani ga aikin kare fararen hula da tantance 'yan gudun hijira, inda yarjejeniyoyin Jeneba huɗu na 1949 kan dokokin yaƙi da ta 'yan gudun hijira ta 1951 su ne kayan aikin yau da kullum. Amma gurbin jami'in shari'a digirin lauya yake nema. Muhalli da makamashi kuwa ya bunƙasa tun yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, kuma wanda ya iya lissafin kuɗin gina tashar lantarki ya fi wanda ya san tarihin taruka kawai kasuwa.

Ba ki ambaci diflomasiyya ba, amma tunda da yawa don ita suke shiga fannin: ma'aikatun harkokin waje da jarrabawarsu suke ɗaukar ma'aikata, babu reshen da ke tsallakar da mutum ita.

Duk reshen da kika ɗauka, ki ware wa harshe lokaci. Harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne, amma Ingilishi da Faransanci ne na aikin sakatariya, kuma abin da ake nufi da jin harshe shi ne ki rubuta rahoto ki zauna taro da shi. Ki san kuma digirin kaɗai ba ya wadatarwa: a matakan aikin ƙwararru na Majalisar, matakin P-2 yakan nemi shekara biyu na aiki, P-3 shekara biyar, jarrabawar da Majalisar ke ɗaukar matasan ma'aikata da ita kuma ta 'yan shekara 32 zuwa ƙasa ce daga ƙasashen da aka ware a shekarar. Saboda haka sanin makamar aiki da za ki yi lokacin hutu yana da nauyin kwas guda ko fiye.

Tsawon shirin ma yana canja lissafi. A Ingila shekara ɗaya ne galibi, nauyin kwasa-kwasai maki 180, kuma 60 daga ciki na kundin bincike ne, don haka babu sararin gwaji. A Amurka yawanci shekara biyu ne, zango huɗu, ana iya ɗanɗana kwas a zangon farko kafin a tsayar da magana.

Shawararmu, idan lissafi bai gagare ki ba: ki yi rajista a tattalin arziki ko raya ƙasa, ki ɗauki tsaro a kwasa-kwasan zaɓi, ki rubuta kundinki a mahaɗarsu, kamar tasirin takunkumi ga ciniki ko sake gina ƙasa bayan yaƙi. Kafin ki sa hannu, ki rubuta wa sashen ki tambayi kwasa-kwasan da za a koyar a bana takamaimai, domin littafin jami'a yakan jera har da na malamin da ya tafi hutun bincike. Ki tambayi ko ana ƙayyade yawan ɗalibai a ajin ƙididdiga, da inda waɗanda suka gama reshen bara suke aiki, da ranar ƙarshe ta sauya reshe.

Wassalam,
Wasu malaman fannin hulɗar ƙasa da ƙasa